TARIHIN RYUKYU GOLDEN KINGS: ƘUNGIYAR TSIBIRI DA TA ƘETARE TEKU TA CIWO KOFI

Ranar 22 ga watan Satumba na 1916 ba ta da wani tarihi a ƙwallon kwando, amma wadda ta zo bayanta da shekara ɗari cif, wato 22 ga Satumba na 2016, ita ce ranar da masu sha'awar wannan wasa a ƙasar Japan suke ƙirga sabon zamaninsu daga gare ta. A daren ne aka buɗe gasar da ake kira B.League a babban zauren wasanni na Yoyogi da ke birnin Tokyo, a gaban 'yan kallo fiye da 9,000, ana kuma nuna wasan kai tsaye a telebijin ga ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyi biyu aka zaɓa su buɗe fage. Ta farko ita ce Alvark Tokyo, wadda ta taso a ƙarƙashin kamfanin motoci na Toyota, ga kuɗi ga manyan 'yan wasa. Ta biyu kuwa ta fito ne daga can ƙuryar kudu, daga tsibirin Okinawa, sunanta Ryukyu Golden Kings, kuma a lokacin ba ta cika shekara goma da fara wasa ba. Masu tallan wasan suka kira shi karawa tsakanin 'yan gata da ciyawar da ke tsirowa ba wanda ya shuka ta. Alvark ce ta ci, da maki 80 da 75, washegari ma ta sake ci. To, labarin wannan ciyawa shi ne abin da muke so mu ɗan gutsura wa mai karatu a yau, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tafiyar da wasanni: shin ƙungiya za ta iya rayuwa da ƙarfin mutanen garinta, ko kuwa lalle sai ta jingina da wani babban maigida?

Kafin a fahimci abin da ya sa aka kira su ciyawa, sai an san irin tsarin da suka tarar. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan kamfanoni ne suke riƙe da yawancin wasanni a Japan. Kamfani zai kafa ƙungiya, ya ɗauki samari daga jami'a a matsayin ma'aikata, su ɗan taɓa aikin ofis da safe, da rana su tafi motsa jiki. Amfanin ƙungiyar ga kamfani shi ne ta ƙarfafa zumunci tsakanin ma'aikata, ta kuma yaɗa sunansa. Haka Toshiba da Hitachi da Mitsubishi da Matsushita da Toyota suka yi, kuma gasar ƙasa da aka fara a 1967 tasu ce. Ko 'yan kallo sun zo ko ba su zo ba, albashi yana nan, saboda haka babu wanda ya ɗauki sayar da tikiti a matsayin abin tashin hankali.

Wannan tsari yana da daɗi muddin kasuwa tana ci. Da tattalin arzikin Japan ya shiga mawuyacin hali a shekarun 1990, sai kamfanoni suka shiga neman inda za su rage kashe kuɗi, kuma ƙungiyoyin wasa na daga cikin abin da aka fara yankewa. Taro guda na shugabannin kamfani ya isa ya shafe ƙungiyar da ta shekara talatin tana wasa. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa ita ce ƙungiyar kamfanin Daiwa, wadda aka mayar da ita birnin Niigata a 2000, ta zama Niigata Albirex, ƙungiya mai cin gashin kanta. Ita ce, tare da Saitama Broncos, ta ga cewa jiran hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta mayar da wasan sana'a jiran gawon shanu ne. Suka ɓalle, aka kafa sabuwar gasa mai suna bj-league a 2005 da ƙungiyoyi 6, a ƙarƙashin jagorancin Toshimitsu Kawachi. Manufarta a fili take: kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta, ta nemi abincinta daga tikiti da tallace-tallace, a kuma ƙayyade abin da za a biya 'yan wasa don kada mai kuɗi ya danne mara shi. Hukumar ƙasa ta ɗauki wannan a matsayin tawaye, har ta shekara da shekaru ba ta kiran 'yan wasan bj-league cikin ƙungiyar ƙasa.

TSIBIRIN DA WASAN YA RIGA YA YI JIJIYA

Yanzu sai mu juya ga Okinawa. Tsibiran nan suna nesa da Tokyo da abin da ya haura kilomita 1,500, kuma sun fi kusa da Taiwan bisa ga babban birnin ƙasarsu. Dā can masarauta ce mai zaman kanta, ana kiranta Ryukyu, fadarta tana Shuri. An haɗe ta wuri guda a 1429, ta yi ƙarnuka tana fatauci tsakanin Sin da Japan da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, har zuwa 1879 da gwamnatin Japan ta rushe sarautar ta mayar da ƙasar lardi. A 1945 aka gwabza ƙazamin yaƙi a kan tsibirin tsakanin sojojin Amurka da na Japan, mutane wajen 200,000 suka hallaka, kuma ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Okinawa sun mutu a cikinsa. Daga nan Amurka ta ci gaba da mulkin tsibiran har ranar 15 ga Mayu na 1972, sannan ta mayar wa Japan, amma sansanonin sojanta suka zauna, ciki har da katafaren sansanin jiragen sama na Kadena.

Zaman nan na Amirkawa ya bar baya da ƙura ta fuskoki da dama, wanda ba wurin faɗarsu ba ne a nan, amma ya bar ƙwallon kwando ma. Yaran tsibirin sun taso suna ganin kwanduna a filayen unguwa, waɗansu kuma suna kama tashar telebijin ta sojoji suna kallon wasannin Amurka tun sauran yaran Japan ba su san yadda ake yinsu ba. Da yake galibinsu ba dogaye ba ne, sai suka ƙware wajen gudu da wayon hannu da jifa daga nesa. A 1978 wata ƙaramar makarantar sakandare ta ƙauye daga arewacin tsibirin, mai suna Hentona, ta je gasar makarantu ta ƙasa da gajerun yara, ta zo ta uku, ta bar mutane baki buɗe. Ke nan son wasan ya riga ya kafu. Abin da babu shi ne ƙungiyar manya, domin Okinawa ba ta da manyan masana'antun da za su riƙe ta, tana kuma cikin lardunan da suka fi ƙarancin samu a ƙasar. Duk yaron da ya nuna hazaƙa, sai ya hau jirgi ya bar gida.

Abin mamaki, wanda ya ga wannan giɓi ya ƙudura cike shi ba ɗan tsibirin ba ne. Sunansa Tatsuro Kimura, mutumin Tokyo, wanda ya yi karatu a Amurka ya ga yadda ake sayar da wasa kamar yadda ake sayar da kowace haja, ya kuma yi aikin shirya shirye-shiryen wasanni a telebijin. Ya ajiye aikinsa ya koma Okinawa, shi da abokansa suka shiga bin 'yan kasuwa da jami'ai suna neman goyon baya. A 2006 aka kafa kamfanin da zai riƙe ƙungiyar, a 2007 ta shiga bj-league. Sunan da aka raɗa mata yana tuna wa mutane tsohuwar masarautarsu, domin ma'anarsa ita ce sarakunan zinariya na Ryukyu.

Shekarar farko ba ta yi daɗi ba. Cikin wasa 44 sun ci 10 ne kawai, suka zo na ƙarshe a rukunin yamma. Ga shi kuma kowane wasan waje sai an hau jirgin sama, alhali abokan hamayyarsu sau da yawa mota ko jirgin ƙasa ya ishe su. Ba su da zaure nasu na kansu, sai dai su yi ta yawo tsakanin zaurukan ƙananan hukumomi a Naha da Ginowan da birnin Okinawa, inda ake shigo da kujeru da fitilu da amsa-kuwwa kafin wasa, a kwashe su bayan an tashi.

Sai dai hukumar ƙungiyar ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗauko wani matashin mai koyarwa, Dai Oketani, wanda shekarunsa ba su wuce 30 da 'yan kai ba, ta kuma ɗauko Ba'amurke Jeff Newton daga Osaka Evessa, inda ya riga ya ci kofin gasar sau uku a jere, tare da wani Ba'amurken, Anthony McHenry, wanda ya zauna da su har shekara tara. Aka haɗa su da 'yan ƙasa irin su Naoto Takushi da Shigeyuki Kinjo. Cikin shekara guda ƙungiyar da ke ƙasa ta koma sama. A watan Mayu na 2009 suka je zauren Ariake a Tokyo suka doke Tokyo Apache da maki 89 da 82, suka ɗauki kofi. Mai koyar da Apache a wannan rana shi ne Joe Bryant, mahaifin shahararren ɗan wasan nan Kobe Bryant.

Daga nan kofi ya san hanyar tsibiri. Sun sake ɗaukarsa a 2012 bayan sun kayar da Hamamatsu, da kuma 2014 a ƙarƙashin Tsutomu Isa, ɗan Okinawa, lokacin da suka lallasa Akita da maki 103 da 89. A wannan wasa ne wani saurayi ɗan garin Nago, Ryuichi Kishimoto, wanda tsawonsa bai kai na yawancin abokan wasansa ba, ya yi ta zuba ƙwallo daga nesa har aka ba shi lambar gwarzon wasannin ƙarshe. A 2016 suka doke Toyama suka ɗauki kofi na 4, wanda shi ne na ƙarshe a tarihin bj-league. Babu ƙungiyar da ta kai su yawan kofuna a wannan gasa.

A ganinmu, abin da ya fi kofunan muhimmanci shi ne abin da ke faruwa a bakin ƙofa. Kimura da jama'arsa sun ɗauki ɗan kallo a matsayin baƙon da aka gayyata, wanda dole a sallame shi yana murna ko an ci ko an sha kaye. Aka kyautata kiɗa da fitilu da abinci, aka shigo da kiɗan gargajiya na tsibirin da feɗuwar yatsa da mutanen Okinawa suka shahara da ita, aka mayar da ranar wasa ranar fitar iyali, tsoho da tsohuwa da jikoki. Zaurukan da ba sa cin fiye da mutum 3,000 da 'yan kai suka riƙa cika maƙil, har ƙungiyar ta zama kan gaba wajen yawan 'yan kallo a gasar. Ƙananan 'yan kasuwa masu yawa suka riƙa sa sunansu a jikin allunan talla, kowa da ɗan abin da ya iya. Kuɗin da aka tara ta wannan hanya yana da wahalar tarawa, amma kuma mutum ɗaya ba ya iya janye shi rana tsaka.

RIGIMAR GASA BIYU

Duk wannan lokaci ƙwallon kwando a Japan a rabe yake gida biyu. Ga bj-league tana ta yaɗuwa cikin larduna har ta kai ƙungiyoyi 24, ga kuma gasar kamfanoni, wadda aka sauya wa suna zuwa NBL a 2013, tana riƙe da yawancin 'yan wasan ƙasa. Kowane ɓangare yana raina ɗaya. 'Yan kamfanoni suna cewa wancan wasan nishaɗi ne da baƙin 'yan wasa suka mamaye, su kuwa 'yan bj-league suna cewa wane amfani ne da gwaninta a zauren da babu kowa. Ƙungiyar ƙasa ta maza kuwa rabonta da zuwa wasannin Olamfik tun 1976 a Montreal.

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, ta yi ta gargaɗi a haɗe gasar biyu, ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen Oktoba na 2014, wa'adi ya cika ba a yi komai ba. A watan Nuwamba sai ta dakatar da Japan daga dukkan wasannin ƙasa da ƙasa, maza da mata da yara. Hukuncin ya fi zafi a kan 'yan wasan mata, waɗanda ba su da hannu a rigimar, ga shi kuwa suna shirin neman gurbin zuwa Olamfik na 2016. Nan aka kira Saburo Kawabuchi, dattijon da ya kafa gasar ƙwallon ƙafa ta J.League a 1993, aka ɗora shi a kan kwamitin gyara. Bai yi sanya ba. Ya ce duk ƙungiyar da ke son shiga rukunin farko sai ta zama kamfani mai zaman kansa, ta ɗauki sunan gari, ta kuma sami zaure mai cin mutum 5,000 da za ta riƙa yin yawancin wasanninta na gida a ciki. Aka yi ta gunaguni, amma aka bi. A watan Agusta na 2015 FIBA ta ɗage takunkumi, bayan shekara guda aka buɗe B.League da ƙungiyoyi 18 a rukunin farko. Idan aka duba da kyau, sharuɗɗan Kawabuchi sun fi kusa da abin da Kings ta daɗe tana yi bisa ga abin da kamfanoni suka saba.

Amma a fagen wasa gaskiya ta yi halinta. Wasan nan na Yoyogi da muka fara da shi ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta gaske ce. Kings ta gama shekarar farko da cin wasa 29 da faɗuwa 31, abin da magoya bayanta ba su saba gani ba. Sai hukumar ƙungiyar ta yanke shawara mai ɗaci. A 2017 ta rabu da mai koyarwa da 'yan wasa da dama waɗanda jama'a ke ƙauna, har da McHenry, ta shiga kasuwa ta ɗauko ƙwararru daga tsofaffin ƙungiyoyin NBL. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, suna ganin ƙungiyar tana neman ta rasa kamanninta na gida. Sakamakon ya biyo baya, ko da yake ba gaba ɗaya ba: sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 2018 da 2019 da 2021, kuma duk sau ukun a nan aka tare su, sau biyu a hannun Chiba Jets, sau ɗaya a hannun Alvark.

SABON ZAURE

Abin da ya sauya lissafi shi ne gini. Tun da daɗewa Kimura yake cewa ƙungiya ba za ta girma fiye da zauren da take wasa a ciki ba. Magajin garin birnin Okinawa, Sachio Kuwae, ya sa gina babban zaure cikin alkawuransa na zaɓen 2014, kuma a 2021 aka buɗe Okinawa Arena a yankin Koza, wanda ke cin mutum wajen 8,000 a ranar ƙwallon kwando. An gina shi ne domin mai kallo: kujeru sun kewaye fili sun matso kusa da shi, ga wani katafaren allo a rataye, ga ɗakunan manyan baƙi da ake hayarsu da tsada. Kafinsa, yawancin zaurukan Japan an yi su ne don masu motsa jiki, har a waɗansu sai ɗan kallo ya tuɓe takalmi kafin ya shiga.

A nan ya kamata mu faɗi abin da masu yabon ƙungiyar sukan tsallake. Zauren nan ba da kuɗin tikiti aka gina shi ba. Mallakar hukumar birni ne, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsa ya fito ne daga gwamnatin tsakiya, ciki har da tallafin da ma'aikatar tsaro ke bai wa garuruwan da ke ɗauke da nauyin sansanonin Amurka. Wato dai sansanonin da suka kawo wasan tsibirin, waɗanda kuma mutanen tsibirin suka daɗe suna kuka da su, suna da hannu a ginin da ƙungiyar ke alfahari da shi. Haka nan a 2022 wani kamfani na rukunin Proto ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar, Kimura ya sauka daga shugabanci. Saboda haka wanda ya ce Kings ba ta da maigida ko kaɗan ya wuce gona da iri. Bambancin shi ne, maigidan ya zo ne ya tarar da ƙungiya mai cika zaure da kanta, wadda a kakar wasa ta 2023 zuwa 2024 matsakaicin 'yan kallonta ya haura 7,000 a kowane wasa, fiye da kowace ƙungiya a ƙasar.

A shekarar da aka buɗe zauren Oketani ya dawo, bayan shekara tara yana koyarwa a waɗansu garuruwa. A kakarsa ta farko sun ci wasa 49 cikin 56, suka kai wasan ƙarshe a 2022, amma Utsunomiya Brex ta doke su sau biyu a jere. Shekara ta zagayo suka koma, wannan karon da Chiba Jets, a birnin Yokohama. Wasan farko sai da aka yi ƙarin lokaci har sau biyu kafin Kings ta tsira da maki 96 da 93. Washegari, 28 ga Mayu na 2023, ta ci da 88 da 73. Allen Durham ne gwarzon wasannin, Jack Cooley ya tsare ƙarƙashin kwando, Kishimoto kuwa, wanda yana cikin waɗanda suka sha kaye a Yoyogi a 2016, yana nan a fili. Ita ce ƙungiya ta farko cikin waɗanda suka shigo kai tsaye daga bj-league da ta ɗauki kofin rukunin farko.

Bayan wata uku zauren ya karɓi baƙuncin wani rukuni na gasar cin kofin duniya, wadda Japan ta shirya tare da Filifin da Indonesiya. A nan ƙungiyar ƙasa, a ƙarƙashin Tom Hovasse, ta farfaɗo bayan an wuce ta da maki 18 ta doke Finland, ta doke Venezuela, sannan ranar 2 ga Satumba ta ci Cape Verde da 80 da 71, ta sami gurbin zuwa Olamfik na birnin Paris. Rabon Japan da samun irin wannan gurbi da guminta, ba don tana masaukin baƙi ba, tun na Montreal.

Kings ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2024, Hiroshima Dragonflies ta kayar da ita biyu da ɗaya. A watan Maris na wannan shekarar ma Chiba ta yi mata mummunan kaye, 117 da 69, a wasan ƙarshe na Kofin Sarkin Japan, gasa mafi tsufa a ƙwallon kwandon ƙasar. Ba ta ɗauki wannan kofi ba sai a Maris na 2025, a karo na 100 da aka yi gasar, inda ta doke Alvark Tokyo da maki 60 da 49 a zauren nan na Yoyogi. Wata biyu bayan haka ta buga wasan ƙarshe na B.League karo na huɗu a jere, suka yi ɗaya da ɗaya da Utsunomiya, a wasa na uku Utsunomiya ta ci da maki 73 da 71.